Amsa ga mai tambaya kan tafiyar Hajiyarsu Ingila wankan jegon ƙanwarsa

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in ɗan maimaita tambayar saboda waɗanda basu ganta ba: ƙanwarka tana aure a Manchesta, mijinta yana aiki a can, cikin fari ne da ita saura kamar wata huɗu ta haihu, kuna so Hajiyarku taje ta yi mata wankan jego. Hajiya ta haura shekara 60, tana da hawan jini, banda aikin Hajji bata taɓa fita waje ba kuma bata jin Turanci. Wani ejan a nan Zariya yace ku kawo kuɗin tikiti yanzu-yanzu kafin ya ƙara tsada, ita kuma ƙanwar taka tace a yanki na zuwa kawai don so take Hajiya ta yi kamar shekara a wajenta. Kana tambaya ta ina zaku fara.

Toh sana'ata kenan, yankan tikiti da cike takardun biza, kuma irin wannan tafiyar ta iyaye mata tana cikin waɗanda suka fi zuwa mana yanzu, tunda yaranmu na ABU da na asibitin Shika sun watsu a Ingila da Kanada da Saudiyya. Kuma zan gaya maka gaskiya, ba daga tikiti ake farawa ba, ba ma daga biza ba, daga falon Alhaji ake farawa. Ku zauna da shi da Hajiya, ku kira ƙanwar taka da mijinta a waya, ku tsaida magana ɗaya kan wata nawa za ta yi. Dalili kuwa duk wata takarda da za'a cike nan gaba wannan amsar take nema, fom ɗin biza zai tambaya, wasiƙar gayyata sai an rubuta a ciki, tikiti yana ɗauke da ranar dawowa, jami'in da zai buga mata hatimi a can shima zai iya tambaya, in kowa da abinda yake faɗi toh nan matsala take farawa.

Maganar shekara ɗaya ku ajiye ta gefe, babu ita. Bizar ziyara ta Birtaniya wata shida ne iyakarta a kowane zuwa. Akwai mai shekara 2 da 5 da 10, mutane suna ji sai su ɗauka zama ne na shekarun, a'a, ita ma ko wace shiga bata wuce wata shida, amfaninta kawai ba sai kayi ta neman sabuwa ba. Kuma dabarar nan ta "ta yi wata shida ta dawo ta yi sati biyu ta koma" sun santa sarai, a dokarsu an hana mutum ya maida ziyara ta zama zama, in suka ga haka a filin jirgi ma suna iya juyo da ita. Akwai wata bizar ta ɗauko iyaye su zauna dindindin amma sai an nuna tsohon baya iya kula da kansa kuma babu mai kula da shi a ƙasarsa ko da kuɗi, Hajiya mai miji da 'ya'ya a Zariya bata ciki. Ni a ganina ku rubuta wata biyu zuwa uku, ku kuma cika abinda kuka rubuta. Wanda yace sati shida zai yi sai ya kwashe wata biyar da rabi bai karya doka ba a zahiri tunda bizar bata ƙare ba, amma ranar da ya sake nema zasu buɗe su ga abinda ya faɗa da abinda ya yi, kuma haihuwar fari ce fa wannan, in Allah ya so akwai ta biyu da ta uku, kar ku ɓata hanya tun daga yanzu.

Tikitin zuwa kawai kuma kar ma ku fara, mai bizar ziyara da ba shi da na dawowa tun daga kantar jirgi a Abuja ko Kano za'a fara yi masa tambayoyi, kuma na zuwa kawai sau da yawa kuɗinsa ya kusa na zuwa da dawowa, ba wata riba.

Bayan kun tsaida magana sai a ɗauko fasfo a duba. Wanda ta yi Hajji da shi in mai shekara 5 ne ƙila ya mutu ko yana gab, ni bana son tura tsohuwa da fasfon da bai da aƙalla wata shida a gaba bayan ranar dawowarta, ko da Ingila basu matsa ba ƙasar da za'a yada zango tana iya matsawa. In sabuntawa za'a yi yau ya kamata a fara ba gobe ba, don yanzu sai bayanan NIN sun yi daidai da na fasfo, kuma iyayenmu nan ne ake shan wahala, a NIN an rubuta Hauwa'u a tsohon fasfo Hawwa, can an sa sunan mahaifinta nan an sa na miji, ranar haihuwa wani wajen 1 ga Janairu wani wajen wata ranar da wani yaro a shagon intanet ya ƙirƙira mata. Gyaran wannan kaɗai yana iya cin makonni. Tsohon fasfon kar a yar, hatimin Saudiyya dake ciki shaida ce ta taɓa fita ta dawo, yana taimakawa. A haɗa da katin rigakafin shawara, yalo kat ɗin nan, in na Hajji yana nan a nemo shi.

Sai biza. A intanet ake cikewa a biya, kuɗin ya haura fam 100 kuma in an hana baya dawowa, sannan taje Abuja a ɗauki yatsunta da hoto, dole da kanta, babu wakilci. Ba'a nema sai saura wata uku tafiya, amsa kuma yawanci sati uku ne amma lokacin cunkoso tana wucewa. Wani abu da mutane basa lura, bizar wata shida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in kun sa ranar tafiya da wuri sosai sannan kuka yi ta jan ƙafa, kwanakin suna tafiya ne ko ta je ko bata je ba.

Abinda mai duba takardun yake nema bashi da yawa, wa zai ɗauki nauyi, kuma me zai dawo da ita gida. Ɓangaren nauyi mijin ƙanwarka ne zai turo wasiƙar gayyata da shaidar izinin zamansa da takardun albashi da sitetimen ɗin bankinsa da takardar gidan da suke haya, a ga akwai ɗakin da zata kwana. Ɓangaren dawowa ku ne zaku nuna, mijinta yana nan, ga sauran 'ya'ya, in tana da fansho ko gida ko 'yar sana'a a sa. Duk takardar da take da Hausa ko Larabci, misali takardar aure, sai an yi mata fassara ta hukuma zuwa Turanci.

Anan zan ɗan tsaya don nan ne aka fi faɗuwa. Sai a kawo min sitetimen ɗin tsohuwa, ina buɗewa in ga wata biyar asusun yana wasa tsakanin dubu 40 da dubu 70, kuɗin cefane da na adashi suna shiga suna fita, kwatsam saura kwana goma a nemi biza sai ga miliyan takwas ta faɗo daga wani suna da ba'a san shi ba. In na tambaya sai ace "ai ɗan'uwan Alhaji ne a kasuwar Sabon Gari ya ara mana don asusun ya yi nauyi, in an gama a maida masa". Wallahi Malam wannan ya fi asusun da babu komai muni, don abinda ka gani da ido shi Baturen ma ya gani, kuma aikinsa kenan kullum. Tsohuwa mai dubu 60 a banki da suruki mai albashi wanda ya rubuta shi zai biya komai, magana ce mai tsabta. Haka in an taɓa hana ta wata biza ko ta wace ƙasa ce a faɗa, akwai tambayar a fom. Takardar bogi ko ɓoye gaskiya in aka kama yana jawo haramcin shekara 10, kuma ba ruwansu da cewa ejan ne ya cike ita bata iya karatun boko ba, sunanta ne a kai. Saboda haka duk wanda zai cike muku ka zauna kusa da shi ka karanta kowane layi kafin ya tura, imel da lambar sirri kuma su zama naka ne ba nasa ba. Tun 2013 aka cire damar ɗaukaka ƙara ga masu ziyarar dangi, in an hana sai dai ka gyara ka sake biya ka sake nema.

Kalmomin wasiƙar gayyata ma a kula. Kaka ta zo ganin jika ta taya 'yarta na ɗan lokaci ba laifi bane a wajensu, amma in aka rubuta tazo ne ta riƙe jariri don uwar ta koma aiki, sun ɗauke shi a matsayin aikin reno, mai ziyara kuwa an hana shi aiki ko da ba biya. Ba cewa nake ku ɓoye cikin ba, a'a ku faɗa, a sa ma takardar asibiti mai nuna lokacin haihuwa. In kuma asalin niyyar ƙanwarka kenan, wato ta samu mai reno na shekara saboda kuɗin gidan reno a can ya yi musu yawa, toh gara ku fito da maganar fili a gida tun yanzu, don ba wannan bizar bace maganinta.

Yanzu ejan ɗinku da yace a kawo kuɗi. Ban san shi ba bazan ce macuci bane, kuma maganarsa ta cewa tikiti yana tashi ba ƙarya bace, mun ga abinda ya faru lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya har suka haura dala miliyan 800 a 2023, suka rufe kujeru masu araha, Emirates ma ta daina zuwa gaba ɗaya sai Oktoba 2024 ta dawo, ga kuma faɗuwar naira tun da aka bar kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023. Amma biyan tikiti kafin biza cinikin biri a sama ne, su kansu masu bada bizar basu ce sai ka saya ba, ranar da kake niyyar tafiya kawai suke so. In an hana bizar, tikiti mai arahar nan baya dawo da kuɗi sai ɗan haraji, shima bayan wata da watanni.

In biza ta fito aka zo yanka ga yadda zaka kare kanka. Bukin daban tikiti daban. Bukin kujera ce aka riƙe, yana da lamba mai harufa shida, ana iya yinsa kyauta a buga maka a takarda mai tambarin jirgi ta yi kyau, bayan kwana ɗaya ko biyu ya mutu da kansa in ba'a biya ba. Tikitin gaske yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin ne, Ethiopian 071, EgyptAir 077, British Airways 125, Qatar 157, Turkish 235. Da an baka takarda ka nemi wannan lambar, ka shiga shafin kamfanin jirgin da wayarka a gaban ejan ɗin, ka sa harufa shidan da sunan ƙarshe na Hajiya, ka gani da idonka an fitar. Akwai wata baiwar Allah da aka rako daga Tudun Wada har Abuja da mota biyu na 'yan rakiya, sai a kanta aka ce babu sunanta, bukin ne kawai aka yi mata ya mutu tun sati biyu baya, wanda ya karɓi kuɗin kuma wayarsa a kashe. Ka tambayi ejan ko yana da rajistar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko ta hannun wa yake fitarwa, da yawanmu a Zariya ta hannun manyan Kano da Abuja muke fitarwa kuma ba aibu bane, amma mai gaskiya zai faɗa maka. Kuɗi a tura asusun kamfani a karɓi rasit. Suna kuma harafi da harafi yadda yake a fasfo, banda Hajiya banda laƙabi, gyaran suna bayan an fitar wani kamfanin sai dai a sake saye.

In mijin ƙanwarka zai saya da katinsa daga can shima ya yi, wani lokacin ma yafi sauƙi, sai dai duk canjin da ya taso shi zai yi ta fama da su a waya, ejan na nan bazai iya taɓa tikitin da ba shi ya fitar ba.

Kar ku ɗauki mafi araha. Haihuwa bata da rana, daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne, ta fari kuma tana yawan wuce ranar da likita ya faɗa, in akayi tiyata kuma lissafi ya canza. Ku ɗauki wanda ake canza rana da ɗan kuɗi ko kyauta, ku tambayi iyakar zaman da tikitin ya yarda dashi don wani mai arahar wata ɗaya ne ko uku. Ni nafi son ta isa kamar kwana goma zuwa sati biyu kafin ranar, ta huta ta san gidan. In tafiyar ta faɗo ƙarshen Agusta zuwa Satumba lokacin ɗalibai ko tsakiyar Disamba ku shirya ma tsada.

Hanya kuma, mu a Zariya duk da kwalejin koyon tuƙin jirgi a garinmu take sai mun nemi Kano ko Abuja. Kano ta fi kusa, wajen awa biyu a mota, ga Hausa ko ina Hajiya bazata ji baƙunta ba, amma daga can dole a yada zango, Alkahira ko Adis Ababa ko Doha. Abuja akwai British Airways kai tsaye zuwa Landan, awa shida da ɗan wani abu, da safe yake tashi saboda haka a Abuja zaku kwana, kar kace zaka taso daga Zariya da asuba. Matsalar ita ce Landan ba Manchesta bace, in an haɗa mata da ƙaramin jirgi zuwa Manchesta toh a Landan zata bi layin imigireshan ita kaɗai sannan ta nemi wata ƙofar, in ba haka ba sai surukin ya tuƙo wajen awa huɗu ya ɗauke ta. Qatar da Turkish suna sauka Manchesta kanta, canji ɗaya a Doha ko Istanbul. Ga tsohuwa mai hawan jini ni zaɓina biyu ne, ko kai tsaye Landan suruki ya zo ya tsaya a ƙofa, ko canji ɗaya mai jiran awa biyu zuwa huɗu da zai sauke ta Manchesta. Jiran awa ɗaya yayi kaɗan, na awa sha biyu kuma azaba ne.

Abinda zan ja maka kunne a kai sosai shine hanyar Faris ko Farankfot ko Amsterdam. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar yada zango a filayen jirgin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Faransa da Jamus da Holan, ko da bazai fita waje ba, kuma tunda Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bizar ziyararta bata ɗauke maka wannan. Sai ka ga tikiti a intanet da araha ka saya, a Abuja a hana ta hawa. Haka kuma duk tafiyar ta zama a tikiti ɗaya, kar a yanka biyu daban-daban don rage kuɗi, in na farko yayi latti na biyun ba ruwansa. Kuma in ta rasa jirgin farko ba'a sanar ba sauran tafiyar har da dawowa sokewa take.

Ka sa ejan ya saka mata buƙatar keken marasa lafiya tun wajen bukin, kyauta ne. Nasan Hajiya zata ce ita ƙafarta lafiya lau me za'a yi da keke, ku lallashe ta, ba don ƙafa bane, don mai turawar ne, shi zai ɗauke ta daga bakin jirgi ya bi da ita duk layukan ya kaita ƙofar jirgi na gaba, tsohuwar da bata karanta allo a filin jirgi irin na Istanbul wannan shine ɗan rakiyarta. A sa mata abincin Musulmi in kamfanin ba na ƙasar Musulmi bane. Sannan ina yi wa kowace tsohuwa kati ɗaya da Turanci da manyan baƙi, sunanta, cewa Hausa kawai take ji, lambar jiragen, adireshin gidan, lambar suruki da ta 'yarta, ranar dawowa da magungunan da take sha, a sa shi a leda tare da kwafin wasiƙar gayyata a cikin 'yar jakar da take ratayawa a ƙarƙashin hijabi, ba cikin akwati ba. Jami'i yana tambaya ta miƙa, in yana so ya kira su. A koya mata haɗa waya da wayfai ɗin filin jirgi ko a sa mata romin na kwana biyu.

Kaya, toh nan ake rigima da iyaye. Yawanci jaka biyu ne kilo 23 kowace, ku auna a gida. Nama da duk abinda akayi da madara haramun ne shiga dasu Birtaniya daga nan, kenan kilishi da dambun nama da man shanu duk babu, nasan dambun kazar mai jego shine rabin dalilin tafiyar a wajen Hajiya amma karnuka suke sawa, a ƙwace a zubar wani lokacin har tara. Manchesta cike take da shagunan naman halal, ta yi dambun ta can. Busasshen kifi an yarda, zuma har kilo 2, su kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa da garin kunu a daka a ɗaure a leda mai kyau a rubuta suna a jiki, ɗanyen ganye da ɗanyen goro kuma a bar su. Garin magani na gargajiya wanda ba suna ba komai shima yana jawo tsaiko. Kanwa ma a yi hankali, likitocin asibitin ABU tun shekarun 1970 suka yi bincike a nan Zariya kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta, wannan dai ba fannina bane amma ku bari ungozomar can ta san abinda ake bata.

Saƙon mutane kuwa, da an ji Hajiya zata Ingila zaka ga 'yan uwa da maƙwabta kowa da ƙullinsa na kai wa ɗansa a Bamingam. Duk abinda baku kwance kun gani da idonku ba kar ya shiga jaka, ko na waye. A filin jirgi kuma ka tsaya sai an liƙa wa jakunkuna lamba ka ƙirga 'yan takardun da aka bata, jaka biyu takarda biyu. Ka tuna ɗalibar nan Zainab Aliyu da aka tsare a Saudiyya ƙarshen 2018 sai 2019 aka sake ta, bayan an gano a filin jirgi aka liƙa sunanta a jakar ƙwaya da ba tata ba.

Maganin hawan jininta taje Shika ko wajen likitanta kafin tafiya a duba ta, a rubuto mata wasiƙa da Turanci, a sayi wanda zai ishe ta har dawowa da ɗan ƙari, a barshi a kwalinsa a jakar hannu. In akwai tiramadol ko mai kodin a ciki dole wasiƙar ta ambace shi. Kuma ku yi mata inshorar lafiya wadda ta san da hawan jinin, kar a ɓoye don rage kuɗi sai ranar biya su ƙi. Mutane suna cewa asibiti kyauta ne a Ingila, ga mazauna ne, mai ziyara sashen gaggawa kyauta ne, amma da an kwantar da ita lissafi ya fara kuma kashi 150 cikin 100 na farashinsu ake caji, bashin fam 500 da ba'a biya ba ya isa a hana ta biza nan gaba.

Akwai kuma abinda ba'a rubutawa a fom wanda ni nake gani in sun dawo. Tsohuwar da ta saba gidanta a buɗe, wannan ta shigo gaisuwa waccan ta aiko yaro, ga islamiyya ga biki ga suna, sai ta tsinci kanta a bene ɗaki biyu, suruki ya fita tun safe, maƙwabci ko sallama babu. In lokacin sanyi ne a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a cure, in bazara ce kuma isha'i sai wajen sha ɗaya na dare. Ga kunyar suruki, bayi ɗaya kicin ɗaya, abinda a Zariya bazata taɓa yarda ta kwana gidan ba. Da yawa arba'in na cika suke fara cewa a maida su, ana kiranmu daga can ana neman a matso da ranar dawowa. Shi yasa nace a tambayi Hajiya ita kanta, ba a gaban 'yarta a waya ba don kara zata yi tace duk yadda kuka yi, kai ka same ta ita kaɗai. Shima Alhaji a san wa zai riƙa kula da abincinsa da maganinsa, in azumi ko babbar sallah zasu faɗo a tsakani a sa a lissafi, na ga tafiyar da aka gama komai aka biya ta rushe saboda ba'a nemi izininsa yadda ya kamata ba, sai labari ya ji a bakin yara.

Wani zai ce to me zai hana ita ƙanwar ta dawo gida ta haihu kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ana yi, amma jirage yawanci daga sati 28 suna neman takardar likita, bayan sati 36 kuma basa ɗauka, sannan jaririn da aka haifa a nan sai an yi masa fasfo an nema masa tasa bizar kafin ta koma dashi, wata uku sai ya zama shida miji yana can shi kaɗai. Kuma don kar ku yi zaton wani abu, haihuwa a Ingila bata bada zama ɗan ƙasa kai tsaye tun 1983, sai in ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, in ba haka ba fasfon Najeriya zasu nema masa ta ofishin jakadancinmu, su fara da wuri in suna so a kawo shi Zariya a gani.

Baka ambaci uwar mijin ba amma nasan maganar zata taso, don in shi zai biya wa surukarsa jirgi danginsa zasu ce tasu uwar fa. Kar a haɗa su a nema lokaci ɗaya, albashi ɗaya da gida mai ɗaki biyu bazai ɗauki baƙi biyu a idon mai duba takarda ba, sai a hana duka. Hajiyarku ta fara zuwa tunda jego na uwar mace ne, ta dawo a ranar da aka rubuta, ita kuma waccan a nema mata in yaro yayi wata biyar ko shida, kuma shi surukin ne ya kamata ya gaya wa mahaifiyarsa wannan tsarin da bakinsa tun kafin a je ɗaukar yatsa Abuja.